Da Wane Littafi Za a Fara?

Akwai reshen fiziks da ke amfani da ƙididdiga ya hango halin biliyoyin ƙwayoyin iskar gas a cikin tulu. Abu ɗaya ya gagare shi: hasashen littafin da malami zai ce ka fara da shi.

Tambayi malamai uku, ka samu amsa huɗu. Wannan ya ce littafin Reif na 1965, wanda ko bai koyar da kai ba, ya isa matashin kai. Wancan ya ce na Schroeder. Na gefensa ya taɓe baki, wai na yara ne. Sai dattijon sashen ya miƙo na Landau da Lifshitz, yana rantsuwa cewa yana da sauƙi. Da sauƙi kam, a wajen Landau.

Ɗalibi, ɗauki wanda aka rage a laburare.