Watandar Wasiƙun Oga

Takardar canjin wurin aiki ta iso da safiyar Litinin: an mayar da manajan reshenmu na Kano zuwa Kaduna, kuma ana so ya kama aiki Litinin ta sama. Oga bai tada hankalinsa ba. Kujerar da yake zama ta kamfani ce, firjin ofis na kamfani ne, kwamfutar tebur ma haka. Abu ɗaya ya ce ko sama da ƙasa za ta haɗu ba zai tafi ya bari ba, wato wasiƙunsa na imel.

Oga mutum ne da ba ya goge saƙo. Tun ranar da aka buɗe masa Outlook, sama da shekara goma, duk abin da ya shigo yana nan: rahoton wata-wata, takardun kwangila da aka ɗauka a hoto, katin ɗaurin aure, hotunan walimar saukar karatu, da gaisuwar Juma'a mai furanni wadda wani abokinsa yake aikowa kowane mako ba fashi. Outlook yana tara irin wannan kaya a fayil ɗaya tilo da ake kira PST. Da aka kira ɗan bautar ƙasar da ke kula mana da kwamfutoci, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ya duba girman fayil ɗin, sai ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Giga 38.

Da a zamanin da ne, da tuni magana ta ƙare da kanta. Har zuwa Outlook na 2002, fayil ɗin PST ba ya wuce giga 2. Yana kaiwa nan sai ya ƙi buɗewa, har sai da Microsoft ya fitar da wata 'yar manhaja da ke datse wutsiyar fayil ɗin, a yi asarar wasu wasiƙu don a ceci sauran. Outlook na 2003 ya ɗaga iyakar zuwa giga 20, na 2010 ya kai ta 50. Kowace ɗagawa, masu hali irin na Oga sun ɗauke ta a matsayin izini.

Injiniya ya kawo shawara tun a ranar, da murya ƙasa-ƙasa irin ta yaron da bai cika shekara a wurin ba. Ya ce a sayo had dis na waje, a raba wasiƙun shekara-shekara daga cikin Outlook ɗin, kowace shekara da fayil ɗinta mai buɗewa shi kaɗai, Oga ya saka a jaka ya tafi. Malam Akanta ya ɗago kai ya tambayi kuɗin had dis. Da ya ji, ya ce babu wannan a kasafin bana, kuma shi a saninsa ba a taɓa sayen akwati don a ɗauki abin da ba ya da nauyi ba.

Hajiya Sakatariya ce ta fara kawo ɗauki. Ta zaro filash daga jakarta, mai giga 64, mafi yawansa ma ba komai. Aka soka, aka ja fayil, kwamfuta ta ce ya yi wa wurin girma.

"Injiniya," in ji Oga, "ni ban yi kimiyya ba, amma na yi lissafi. Tsakanin 38 da 64 wanne ya fi?"

"Ranka ya daɗe, 64."

"To me ake jira?"

Abin da ake jira shi ne wani tsari mai suna FAT32, wanda Microsoft ya fito da shi a 1996, lokacin da had dis mai giga 2 abin alfahari ne. A wannan tsari fayil ɗaya ba ya kai giga 4, ko da filash ɗin ya kai faɗin filin Idi. Har yau ana samun filash da shi, saboda kusan kowace na'ura tana gane shi, daga rediyon mota zuwa talabijin. Maganin ba wuya: a yi wa filash ɗin fomatin zuwa exFAT ko NTFS, waɗanda ba su da wannan ƙaramar iyaka. Sai dai fomatin yana share duk abin da ke ciki, kuma abin da ke ciki hotunan bikin 'yar Hajiya ne, tun daga kamu har buɗar kai. Injiniya ya ce za a kwashe su a ajiye a kwamfuta tukuna. Hajiya ta miƙa hannu ta zare kayanta ba tare da ta jira kwamfutar ta ba da izini ba, ta ce ita ta taɓa ganin yadda ake "ajiyewa" a wannan ofis.

Aka aiki masinja kasuwar waya da 'yan kuɗin da Akanta ya yarda ya fitar. Ya dawo yana murmushi da filash mai giga 128, har da canji. Ya kamata canjin ya sa a yi tunani. Irin wannan filash, masu haɗa shi suna sauya bayanin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa ne, ya riƙa gaya wa kwamfuta girman da ba shi da shi. Ainihin cikinsa wataƙila giga 8 ne ko ƙasa. Kana zuba masa kaya yana karɓa da fara'a, abin da ya wuce ƙarfinsa kuwa ko ya bi iska ko ya hau kan na farko. Kwafin ya tafi lafiya lau, layin kore ya cika, Oga ya yi hamdala ya fara sallama da mutane. Da aka gwada buɗewa a wata kwamfutar, Outlook ya ce bai san wannan fayil ba, bai taɓa ganinsa ba.

Washegari Oga ya yanke shawarar yin abin da bai taɓa yi ba. Ya rufe ƙofa, ya ce kada a shigo masa da kowa, ya zauna goge wasiƙu. Daga inda nake zaune ina jin ƙarar linzamin kwamfuta, jefi-jefi kuma da dariya, don kowace wasiƙa sai ya karanta kafin ya yanke mata hukunci. Da la'asar ya fito idonsa ja, ya ce ya sadaukar da gaisuwar Juma'a ta shekara shida. Injiniya ya duba: giga 38, ko ɗigo bai ragu ba. Haka PST yake. Idan ka goge saƙo, gurbinsa yana nan a cikin fayil ɗin yana jiran sabon baƙo, kuma fayil ɗin ba ya tsukewa nan take sai an sa Outlook ya matse shi, aikin da kan ci sa'o'i a babban fayil. Aka sa shi matsewa. Ana tsakiyar yi aka ɗauke wuta, batirin da ke riƙe kwamfutar ya yi kukansa na minti biyu ya mutu, mai gadi kuma ya tafi sallah da makullin ɗakin janareta a aljihu.

Sauran yammacin ya tafi a kan scanpst, 'yar manhajar gyara da ke zuwa tare da Outlook, wadda Microsoft ya ɓoye a can cikin wata jakar da ba mai zuwa sai wanda masifa ta kai. Fayil ɗin ya farfaɗo. Injiniya bai ci abinci ba ranar.

A nan ne Malam Akanta, wanda ya hana kuɗin had dis, ya ga ya dace ya ba da gudummawar basira. Ya ce wasiƙu ai ta imel suka zo, to su koma ta imel. Tunda ba a buɗe wa Oga adireshin Kaduna ba tukuna, a tura su Gmail ɗinsa shi Akanta, daga baya ya miƙa. Ya san Gmail yana ɗaukar maƙale har mega 25, don haka a yanka fayil ɗin gunduwa-gunduwa. Ana iya yankawa kuwa: 7-Zip, manhajar kyauta da wani Barashe, Igor Pavlov, ya fitar a 1999, tana datsa fayil zuwa kowane girma aka ce mata, ta jera gutsattsarin da lamba, 001, 002, har ƙarshe.

"Kamar watanda ke nan," in ji Akanta, yana jin daɗin kansa. Kamar watanda, amma da bambanci ɗaya da Injiniya ya yi ta ƙoƙarin nunawa ba a saurare shi ba. A watanda kowa ya ɗauki kasonsa ya kai gida an yi miya. A nan kuwa kaso ɗaya ba ya da amfanin komai sai an tattaro dukkansu an mayar da saniyar yadda take, kuma idan aka rasa ko da kofato ɗaya, ba saniya.

Lissafin ma bai yi daɗi ba. Giga 38 a mega 25 ya kama gunduwa 1,520. Sannan imel tun asali don rubutu aka gina shi, saboda haka duk abin da aka maƙala sai an juya shi zuwa haruffa kafin ya tafi, juyin da ke ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na girmansa. Don a tsira dole a rage gunduwar zuwa wajen mega 18, adadin ya haura dubu biyu. Oga ya ce a fara, Allah zai kawo sauƙi.

Intanet ɗin ofis ya yi abin da ya saba, sai aka waiwayo kaina, saboda an san na sayi data ta wata a ranar. Wayata ta koma jingine a taga, inda sabis ya fi kamawa, an ɗaure ta da caja kamar mara lafiyar da ake yi wa ƙarin ruwa, an hana ni taɓa ta, ko kira ya shigo sai dai in kalla. Injiniya ya auna gudun turawar ya samu wajen megabit 2 a daƙiƙa. Ya buga a kalkuleta: sama da awa 42, in ba a ɗauke wuta ba, in sabis bai yanke ba, in datar ba ta ƙare ba. Duka ukun sun faru kafin isha'i.

Da safe aka gano abu biyu. Na farko, daga Outlook ɗin Oga ake turawa, kuma duk saƙon da ya fita yana barin kwafinsa a jakar abin da aka aika, wadda ke cikin wannan PST ɗin dai. Fayil ɗin da ake neman kwashewa ya ƙara ƙiba cikin dare, da naman jikinsa. Na biyu, Gmail ɗin Akanta ya cika. Giga 15 da Google ke bayarwa kyauta ba na wasiƙu kaɗai ba ne, ana raba su da Drive da hotuna, kuma a wayoyin Android ajiyar WhatsApp ma yanzu a ciki take cin wuri. Akanta yana cikin zaurukan WhatsApp na 'yan ajinsu tun daga firamare. Ɗan gurbin da ya rage masa gunduwoyin Oga suka cinye, sauran suka riƙa dawowa.

Hajiya ta ce a gwada WhatsApp ɗin kansa, tunda daga 2022 yana ɗaukar fayil har giga 2, gunduwa ashirin kawai ke nan. Kowa ya juyo ya kalli wayata. Na saka ta a aljihu na ce ana kirana a gida.

Ranar Asabar Oga ya kama hanyar Kaduna ba wasiƙu, bayan ya bar wa Injiniya amana da kallon da ya fi amanar nauyi.

Abin da Injiniya ya yi daga nan ba sabo ba ne a duniya. A 2009 wani kamfani a Afirka ta Kudu ya ɗaura wa tantabara mai suna Winston memori mai giga 4, ya sake ta zuwa ofishinsa da ke yankin Durban, a daidai lokacin da ya fara tura wannan kaya ta layin intanet. Tantabarar ta isa, aka sauke kayan cikin awa biyu da 'yan mintuna, intanet kuwa bai wuce kashi 4 cikin 100 ba. Masanan da suka fitar da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a 2019 ma, bayanan da na'urorinsu suka tara, wajen petabayit 5, a had dis aka loda su cikin jiragen sama. Na tashar da ke Ƙuryar Kudu ta duniya sai da suka jira hunturu ya wuce jirgi ya samu sauka. Idan kaya ya yi yawa, har gobe hanya ta fi waya sauri.

Had dis ɗin kuwa a bakin titi aka samo shi, wurin mai tura fina-finai da ke ƙarƙashin lema kusa da ofishinmu, wanda muke wucewa kullum ba mu taɓa ɗaukarsa abokin sana'a ba. Yana zaune da kwamfutar cinya da igiyoyi sun fi goma, wayoyin mutane jere a gabansa suna shan fassarar Indiya.

"Giga nawa ne?" ya tambaya, bai ko ɗago ba.

"Talatin da takwas. Ya ɗan ƙaru."

"Haba Injiniya, wannan ai bai kai dogon fim mai zango biyu ba. Kawo jingina ka ɗauka, ka dawo min da shi ranar Talata."

Aka rufe Outlook, domin ba ya sakin fayil ɗin idan yana buɗe, aka kwafa cikin ƙasa da awa ɗaya, aka gwada a wata kwamfutar ya buɗe. Injiniya ya naɗe had dis ɗin da tsohuwar jarida, ya saka a ambulan, muka hau adaidaita zuwa tasha. Ɗan kamasho ya jijjiga ambulan ɗin kusa da kunnensa.

"Mene ne a ciki?"

"Wasiƙu."

"Guda nawa?"

"Na shekara goma sha wani abu."

Ya kalle mu, ya kalli ambulan, ya ce shi ba ya son rainin hankali da safe, a biya kuɗin saƙo ɗaya. Direban ya cusa shi a aljihun ƙofa tare da goro da rasit ɗin mai. Tsakanin Kano da Kaduna kilomita 230 ne ko kusa da haka. Cikin awa huɗu Oga ya kira ya ce kaya sun iso, wato motar ta ninka gudun wayata sau goma, har da tsayawa cin abinci a Zariya.

Sauran labarin ya fito ne a ƙarshen wata. Kamar a ofisoshi da yawa, takardar amincewa da biyan albashi daga hedikwata Gmail ɗin Akanta ake turo ta, saboda ya fi saurin gani a waya. An turo ta koma, an sake turowa ta koma, shi kuma yana zaune yana cewa hedikwata ba su da tausayi. Sai da albashi ya yi kwana uku a makare kafin wani ya buga waya. A taron da aka kira kan lamarin, Akanta ya yi bayani mai tsawo game da haɗarin barin yara su riƙa wasa da kwamfutocin ofis, aka rubuta wa Injiniya takardar neman ba'asi, ni kuma aka ce in kawo rasit ɗin data in ana so a duba yiwuwar biyana a kasafin baɗi.