Fikof Biyu a Aljihun Riga

Idan ka sauka a Barkiya, a kan hanyar da ta taso daga Dutsin-Ma ta nufi Kurfi, ka ce wa kowane yaro ya kai ka gidan Mai Fikof, zai kawo ka ƙofar gidana kai tsaye. Sai dai kada ka wahalar da idonka wajen neman mota. Keke ne jingine a zaure, shi ma tayar baya sai an ba ta iska kowace safiya.

Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo makarantar da nake koyarwa shi ya ja mini. Da zai tafi kuɗin mota suka gaza, ya sayar mini da jitarsa ta lantarki da 'yar amfilifaya wadda ba ta fi bulo girma ba. Jitar ja ce, ƙirar Sin, an kwaikwayi siffar Fender Stratocaster, sunan da aka rubuta a wuyanta kuwa ko mai ita bai iya faɗa ba. Ya yi mini gyara da memori cike da kiɗa. A ciki na fara jin Jimi Hendrix, Ba'amurken nan bahago da ke juya jitar 'yan dama ya kaɗa, wanda ya girgiza taron Woodstock a 1969, ya mutu a Landan a 1970 yana da shekara 27. A ciki kuma na ji Mdou Moctar, Buzun Nijar, shi ma bahago, wanda ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Na ce a raina, wanda ya fara da wayar birki ya kai har Amurka, to ni da na fara da jita sukutum ai sai inda mai ya ƙare.

Wata shida ina fama. A hannun Hendrix jita kuka take yi, ta yi gurnani, ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. A hannuna sai ka ce sauro ya faɗa gwangwani. Ga kuma wani zuuu da ba ya yankewa, ko ina kiɗa ko na tsaya. Uwargida ta ce ita tana gane na ɗauko jita ne idan ta ji kamar firjin mai shago ya fara ciwo.

Tunda ba zai yiwu laifin yatsuna ba ne, sai na shiga neman mai laifi. Na ƙona datar wata guda a kwana uku, na kuwa kama shi. A ƙarƙashin tsirkiyoyin jita akwai wasu 'yan sanduna uku a kwance, su ne kunnuwanta. Kowane maganaɗisu ne aka naɗe da wayar tagulla siririya kamar gashi, zagaye wajen dubu bakwai ko takwas. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kansa sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, amfilifaya ta karɓa ta kumbura ta. To amma kunne mai naɗi ɗaya ɗan gulma ne, ba ya zaɓen abin ji. Yana jin tsirkiya, yana kuma jin wutar gida, wadda a ƙasar nan take kai da komo sau 50 a daƙiƙa. Zuuu ɗin ke nan. A 1955 wani injiniyan kamfanin Gibson mai suna Seth Lover ya samo magani: ya jera naɗi biyu gefe da gefe, ɗaya ya saɓa wa ɗaya, ƙugin da wannan ya kwaso wancan ya soke shi. Kamar mai mata biyu ne da kowace ta kawo masa tsegumi, ta biyu ta ƙaryata ta farko, gida ya zauna lafiya. Sunansa hambaka, shi ne a jikin jitar Les Paul da Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin yake kaɗawa, mai murya kauri kamar ta bajimin sa.

Su waɗannan kunnuwa, Turawa fikof suke ce musu. A nan ƙafata ta zame.

Da dare a teburin mai shayi aka tambaye ni dalilin da na kai ragon da nake kiwo kasuwa alhali layya saura wata biyu. Na kurɓi shayi, na ce, "Jibi zan shiga Kano in sayo fikof."

Mai shayi ya tsaya da buta a sama. "Fikof, Malam?"

"Guda biyu ma."

"Na hannu?"

"Haba, sababbi dal, a leda."

Na biya kuɗin shayina na tafi na kwanta. Ashe kafin asuba magana ta zaga gari. Masu lissafi suka ce rago ɗaya ba ya sayen ko taya, saboda haka ciko ne kawai, lallai an biya malamai wani tsohon bashi ni kuma na ɓoye. Washegari mai nama ya ƙara mini tsoka biyu bai ce komai ba. Wani dattijo da rabona da shi tun sunan ɗana ya zo da saurayin ɗansa, ya ce yaron yana da ƙarfi, ba ya shaye-shaye, in riƙe shi amana. Na ce to, Allah ya yi masa albarka, ina zaton makaranta ake so in sa shi. Wani ya tare ni ya ce buhu goma sha biyu gare shi na masara, ranar Laraba, kasuwar Dutsin-Ma, kada in manta shi ya fara magana. Na ce Allah ya kawo kasuwa. Surukina, wanda shekara tara ke nan "yaron nan" yake ce mini, ya aiko mini da zabuwa. Ni kuwa duk na ɗauka halina na gari ne mutane suka fara ganewa.

Na bi ta Kankiya da Bichi na shiga Kano, na dira Sabon Gari wajen masu kayan kiɗa. Mai shagon ya ɗauko kwali biyu, kowane bai fi na ashana uku ba, ya rantse irin na Les Paul ne sak. Ban tambaye shi abin da ya sa kuɗinsu bai kai ko kuɗin motar Les Paul ɗin ba. Na biya, na zura a aljihun riga, na juyo.

La'asar sakaliya motar haya ta sauke ni a bakin titi, mu huɗu a kujerar gaba, ƙafata ɗaya ta mutu. Na tarar da jama'a a tsaye, har da yara a kan katanga. Na ɗauka wani ɗan siyasa ake jira, na ma gyara hula. Sai surukina ya matso, yana leƙen bayana.

"Sannu da hanya, Malam. Direbobin na tafe ne?"

"Waɗanne direbobi, Baba?"

"Na motocin mana."

Wallahi a wannan lokacin ne kaina ya haɗa lissafi: naman, masarar, zabuwar, da saurayin da ga shi can ya riga ya ɗaura tsumma a wuya irin na yaran mota. Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Na sa hannu a aljihu na fito da kwalayen. Baba ya karɓi ɗaya, ya buɗe, ya jujjuya. Abin ya cafke makullin da ke hannunsa, ƙyas. Ya ɓamɓare, ya sake duba ƙasansa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"To, a ina ake ɗora buhun?"

Ba wanda ya yi dariya a gabansa. Sai da ya juya. Zabuwar dai mun riga mun cinye, ba ta maiduwa.

Mai hankali a nan zai tsaya. Ni na ce ai idan suka ji muryar da za ta fito, su da kansu za su ba ni haƙuri. Na kwance jita na zare tsofaffin kunnuwa, sai na ga sabon ya ninka ramin faɗi. Na kai wa kafintan da ke yi mana bencin makaranta. Ya duba, ya ce ƙaramin aiki ne, ya taɓa gyara gadon da ya fi wannan wuya. Abin da ni da shi ba mu sani ba, irin wannan jita tana da wani rami ta baya inda aka ɓoye sifirin da ke riƙe da tsirkiyoyi, katakon da ke tsakani kuwa bai fi kaurin faifai ba. Bugu na huɗu guduma ta wuce. Ya ɗaga jitar sama, muka hango rana ta cikinta. Ya ce, "Ai ma gara haka, Malam, za ta riƙa shan iska." Garin gyaran gira ke nan.

Saura haɗa waya. Na nufi Dutsin-Ma wajen wani mai gyaran rediyo da fanka wanda kowa Injiniya yake ce masa. Kowane hambaka waya huɗu ce ta fito masa: ja, baƙa, fara, koriya, ga kuma wata tsirara. Kamfanonin da ke ƙera su ba su taɓa haɗa baki a kan launi ba, jar wannan ita ce koriyar wancan, takardar bayani kuma tana can ƙasan kwalin da surukina ya tafi da shi. Injiniya bai ko yi gezau ba. Ya ce shekararsa ashirin yana wayarin gidaje, ja wuta ce, baƙa ta dawowa, sauran ado ne. Ya narka dalma ya liƙe, ya datse na adon, ya cusa ragowar a ramin kafinta. Akwai wata 'yar waya da ta taso daga wajen sifirin, wadda ke sada tsirkiyoyi da ƙasa. Ya ce wannan ta yi yawa, ya yanke ta ya sa a aljihu.

Daren gwaji na gayyaci 'yan teburin shayi bayan sallar isha'i. 'Yar amfilifayata na ga ba za ta fitar da ni kunya ba, sai na aro ta wani mai tallar maganin basir, mai lasifika irin ta kan mota. Aka ta da janareta. Na rataya jita, na buɗe ƙafa yadda na ga Hendrix yana yi, na murɗa komai har ƙarshe.

Kafin in taɓa tsirkiya zuuu ɗin ya dawo, wannan karon ya yi ƙiba, ya zama injin niƙa. A ƙarƙashinsa kuma, can ƙasa-ƙasa, sai ga muryar wani mutum yana karanta labarai. Jita ta kamo tashar rediyo. Mai shayi ya ce a dakata a ji farashin taki. Na matsa kusa da lasifika don in rage, sai abin ya ƙwalla wata ƙara, siririya, doguwa, wadda ta shiga haƙori ta fita ta ƙeya. Daga baya na ji dalili: fikof na kirki ana tsoma shi a narkakken kaki don naɗin ya daskare, na araha kuwa wayarsa rawa take, ta ji lasifika, lasifika ta ji ta, su yi ta yi wa juna ihu. A daren dai ba mai wannan bayani. Jakin maƙwabci ya amsa. Awaki suka tsinke turke. Kuma kowa ya san a yankinmu yanzu ba a wasa da ƙara cikin dare. Minti biyar ba a yi ba sai ga 'yan sintiri da tocila, suka haske ni tsaye a tsakar gida, ƙafa a buɗe, jar jita a wuya, baƙina duk sun haura katanga sun bar takalma.

Da safe surukina ya sa aka kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Yaron nan," (mun koma gidan jiya) "Ɗan Maraya Jos da me ya yi suna?" Na ce da kuntigi, Baba. "Tsirkiya nawa?" Ɗaya. "Jikinsa fa?" Gwangwanin kifi da fatar akuya. "Shata na Musawa, nan kusa da mu, wace wuta ya taɓa jonawa a kalangu?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai kana da shida, ga janareta, ga rago ya tafi, abin da ka samu jaki ne ya amsa maka. Tashi ka je."

Bayan sati biyu na haɗu da wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ke kaɗa jita a cocinsu. Ya buɗe tawa, ya daɗe yana kallon ramin kafinta, ya yi ta maza bai ce komai ba. Cikin minti ashirin ya warware aikin Injiniya, ya mayar da wayar ƙasa, ƙugi ya ɗauke. Na kaɗa. Murya ta fito da kauri, ba laifi, sai dai sauron nan yana nan, ya dai ƙoshi ne kawai. Ya tambaye ni muryar wa nake nema. Na ce ta Hendrix, da ta Mdou Moctar. Ya dube ni yadda likita ke duban wanda ya sha maganin shanu.

"Malam, ai su biyun Stratocaster suke kaɗawa. Mai naɗi ɗaya. Irin waɗanda ka cire."

Ya ƙara da cewa ƙugin ma rabinsa daga janareta ne da tarin cajar shagon da ke jikin katangata, da na jona 'yar amfilifayar a batir na matsa tsakar gida da ya ragu ba ko sisi. Ya ce in kawo tsofaffin ya mayar mini.

Na taka keke na dawo Barkiya kamar zan tashi sama. Na tarar yara sun warware wayar guda biyu tas, sun zagaye gidan da ita, suna jan maganaɗisun a ƙasa suna farautar ƙusa. Na ukun yana ɗakin uwargida, ta kafa shi a gefen keken ɗinki, allurai da fil sun yi masa cincirindo. Na miƙa hannu, ta ce, "Malam, a duk abin da ka sayo a gidan nan wannan ne kaɗai ya yi amfani. Ajiye."

Layyar bana da kaza muka yi ta, ita ma ba ta layya ba ce, ta miya ce. Saurayin nan har yau idan mun haɗu sai ya ce, "Oga, yaushe za mu fara lodi?" Wanda duk yake da bukatar jita ja mai taga a baya, da fikof biyu da ba su taɓa hawa titi ba, ya zo Barkiya ya tambayi yara. Ko ɗan tunkiya ne zan karɓa.