Janaretan Kawu ya je Yellowstone

A shekarar 2020, da cutar korona ta hana mutane hawa jirgi da kwana a otal, Amurkawa suka yi ca a kan ɗakunan tafi-da-gidanka, waɗanda ake ɗaura wa mota a baya a ja su zuwa daji, da gado da kicin da banɗaki duk a ciki. Kawu, wanda ya daɗe a birnin Dallas na jihar Texas, bai yarda a bar shi a baya ba. Ya samo na hannu, ya sanar da iyali cewa a watan Agusta za a tafi Yellowstone, gandun dajin nan da aka keɓe tun 1872. Ni da nake zaune a gidansa ina karatu, aka naɗa ni ɗan dako.

Saura janareta. A nan ne Kawu ya gyara zaman hula, domin a ganinsa duk faɗin Texas babu wanda ya kai shi sanin wannan fanni. Mutumin da ya tashi a Kano, ya sha gauraya fetur da baƙin mai a ɗan injin nan da ake wa laƙabi da "na fi maƙwabcina", ya san wankin fulogi da tsakar dare, wa zai koya masa?

Da muka je sayen janareta, yaron kanti ya tarbe mu da tambayoyi. Na'urar sanyaya ɗakin nawa ne ƙarfinta? Layin wutar ɗakin na amfiya 30 ne ko 50? A wane sansani za a kwana? Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Ɗan nan, gaya masa tun ba a haife shi ba nake jan igiyar inji. Ya nuna mini babba kawai."

Tambayoyin yaron kuwa ba na iyayi ba ne. Wutar Amurka bolt 120 ce, ba 230 irin ta gida ba, kuma yawancin ƙananan ɗakunan nan layinsu na amfiya 30 ne. Idan aka ninka, wat 3,600 ke nan, kuma iyakar abin da ɗakin zai iya sha ke nan ko da tashar Kainji aka jona masa. Babbar mai cin wutar ita ce na'urar sanyaya ɗaki da ke kan rufi. Wadda aka fi samu, mai lamba 13,500, tana cin wajen wat 1,500 idan ta kama aiki, amma a daƙiƙar da za ta tashi takan fizgi ninki biyu ko fiye. Saboda haka ne kowane janareta ke ɗauke da lamba biyu, ta tashi da ta ɗorewa, kuma masu sayarwa sun fi son buga babbar a jikin kwali.

Yaron ya ɗauko Honda EU2200i da hannu ɗaya, wani ja mai kama da jarkar manja, nauyinsa kilo 21. Wat 2,200 a tashi, 1,800 a ɗorewa. Ya ce in ana son sanyi a sayi biyu a haɗa su da waya, ko a sa wa na'urar wani ɗan akwati da ke sassauta fizgar tashi. Kawu ya duba farashi, ya ga ya haura dala 1,000. Ya waiga ya hango wani ƙato a kan tayoyi, mai firam na ƙarfe, irin na magina, an rubuta 7,000 ɓaro-ɓaro a jikinsa, kuɗinsa kuma bai kai na ɗan jan ba. Lissafin ya ƙare nan take. Mutum uku muka ɗora shi a bayan mota, bayana yana tuna mini da ranar har yau in hadari ya haɗu.

A gida aka gano fulogin ɗakin ba ya shiga ko ɗaya daga ramukan injin. Kawu ya ɗauko wuƙa zai fere waya ya cusa, yadda aka saba. Allah ya kawo maƙwabcinsa, wani tsohon mai gyaran wuta, ya riƙe masa hannu. Ramin da Kawu ya nufa yana ɗauke da bolt 240, kuma in aka yi kuskuren waya ɗaya, firiji da talabijin da na'urar cajin batir duk sun tafi lahira tare. Aka sayo mahaɗin da ya dace.

Bayan tafiyar fiye da kilomita 2,000 muka sauka a sansanin Bridge Bay, a bakin tafkin Yellowstone. Wuri tsit, sai ƙamshin itatuwa da mutane suna magana ƙasa-ƙasa a gaban wuta. Wajen ƙarfe tara na dare Hajiya, matar Kawu, ta ce tana son ruwan shayi. Kawu ya nannaɗe hannun riga ya ja igiya.

Ba a yi minti biyar ba fitilu suka fara kunnuwa a tantuna. Wani kare ya kama haushi, wani jariri ya amsa masa. Sai ga ma'aikaciyar gandun da faffaɗar hularta, ta yi sallama irin tasu, ta jira Kawu ya kashe injin domin ba mai jin wani. Cikin ladabi ta karanta masa doka. A gandayen dajin ƙasar, injin da ƙararsa ta wuce desibel 60 daga nisan ƙafa 50, wato kimanin mita 15, haramun ne. A wannan sansani kuma daga takwas na safe zuwa takwas na dare kaɗai ake kunna janareta. Irin na Kawu kan haura 70, kuma ƙarin desibel 10 kunne yana jin sa kamar an ninka ƙarar ne. Ɗan jan da ya raina yana tsakanin 48 da 57.

Dalilin bambancin yana cikin injin. Na magina dole ya yi ta juyawa sau 3,600 a minti don wutar ta tsaya daidai, ko da cajin waya ɗaya aka jona. Ɗan jan kuwa mai inbata ne, na'ura ce ke daidaita wutarsa, don haka in kaya ba yawa sai ya rage gudu, ya rage shan mai, ya rage baki.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya yi godiya. Tana ba da baya ya ce, "A unguwarmu, wanda injinsa ya fi ƙara shi ake fara gaisarwa a masallaci."

Da safe ya fito da dabara. Ya sa na tura injin gindin ɗakin, dab da taga, ya jingina masa katifa da kwalaye don su shanye ƙarar. Takwas na bugawa ya tayar. Ƙarar ba ta ragu ba, sai ma aka samu ƙari, domin na'urar gano hayaƙi mai guba da ke cikin ɗakin ta fasa ihu. Hajiya ta fito da yara a guje, ɗankwali a hannu. "Alhaji, kashe mu za ka yi a ƙasar mutane?" Wannan kam ba abin dariya ba ne. Gubar da ke cikin hayaƙin da injin ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma duk wanda ya zauna a Najeriya ya taɓa jin labarin iyalin da suka kwanta da janareta a kusa ba su tashi ba. Hukumomin lafiyar Amurka na cewa a nisanta shi aƙalla ƙafa 20, salansa na kallon waje.

Aka ja shi nesa, sai ya kama tari da baƙin hayaƙi. Bridge Bay na kan tudun da ya kai wajen mita 2,400, iska ba ta da kauri, fetur ya fi ƙarfinta a cikin kafireto. Injin fetur na rasa kusan kashi 3.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300, wato sama da rubu'i ya tafi. Kawu ya ce man Wyoming ne ba shi da kyau.

Na'urar sanyaya ɗakin da aka yi duk wannan wahala dominta, ko sau ɗaya ba a taɓa ta ba. Ko a Agusta, daren Yellowstone kan yi sanyi har ruwa ya kusa daskarewa. Abin da ake buƙata shi ne na'urar ɗumama ɗaki, ita kuma gas take ƙonawa, fankarta na aiki da batir. Wata tsohuwa da ke maƙwabtaka da mu takan ɗauko ɗan jan janaretanta da hantsi, ta caja batirinta, ta mayar. Daga ƙarshe nata aka ara, Kawu ya aike ni, shi kuma ya tafi kallon ɓauna.

Injin ya koma gareji a Dallas, Hajiya na shanya tabarmar ƙofa a kansa. Sai ga Fabrairun 2021, ƙanƙara ta rufe Texas, wuta ta ɗauke wa miliyoyin gidaje kwana da kwanaki. Kawu ya jawo ƙaton nan tsakar fili, nesa da kowace taga, ya ja igiya. Maƙwabta suka yi layi da wayoyi da butocin shayi, har da tsohon mai gyaran wuta, kuma ba wanda ya ambaci desibel. Kawu na zaune cikin bargo biyu yana ba da lamba, yana shaida wa duk wanda ya zo cewa dama saboda wannan ranar ya saye shi.