Malaman Duba na Babur ɗin Ƙanƙara

Kamfanonin da ke ƙera babur ɗin dusar ƙanƙara suna da wata al'ada mai hana masoyansu barci. A watan Fabrairu ko farkon Maris suke buɗe samfuran shekara mai zuwa, su ba mutum 'yan makonni ya kai kafin alƙalami wurin dila, sannan ya koma gida ya jira har wajen Oktoba ko Nuwamba kafin a kawo masa abinsa. Kamfanin Polaris yana kiran wannan tsari Snow Check. Ke nan rabin shekara ba hawa, ba ƙanƙara, sai baki. Tun kafin na bana ya iso, an riga an buɗe gardama a kan na baɗi.

Abin da ake wa wannan gardama babur ne marar taya. A gaba yana da alluna biyu na sulɓi da ake juya su da kan babur, a baya kuma faffaɗan bel na roba mai haƙora, shi ke cizon ƙanƙara yana tura shi. Joseph-Armand Bombardier, wani makanike na garin Valcourt a lardin Quebec na Kanada, shi ya fito da Ski-Doo a 1959, shekara 25 bayan ɗansa ya rasu a wani hunturu da ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. A farkon shekarun 1970 kamfanoni fiye da 100 ke ƙera irin wannan babur, har da Massey Ferguson da John Deere masu tarakta, kuma a 1971 an sayar da kusan guda 500,000. Yau manyan sun koma uku: BRP mai Ski-Doo da Lynx, Polaris ta garin Roseau, da Arctic Cat ta Thief River Falls, biyun ƙarshe duk a jihar Minnesota ta Amurka.

Masu ƙira sun ragu, masu duba suna nan daram. Ana samunsu a gareji, a shagon dila, a gidajen abinci na bakin hanyar ƙanƙara, sannan su haɗu kwansu da kwarkwatarsu a Hay Days, taron da ƙungiyar Sno Barons ke shiryawa duk watan Satumba a North Branch ta Minnesota, inda ake tseren babur ɗin ƙanƙara a kan ciyawa don rashin haƙuri. Ga kaɗan daga cikinsu.

Na farko shi ne Mai Ɗan'uwa a Masana'anta. Shi ba ya hasashe, a cewarsa. Labari yake kawowa daga tushe. Mijin ƙanwar matar abokinsa yana sashen fenti, kuma ya ga wani abu an lulluɓe shi da tamfal. Kafin ya yi magana sai ya waiga dama da hagu, ya rage murya, ya roƙi jama'a kada maganar ta wuce nan, alhali wannan ne teburi na huɗu da ya gaya wa tun safe. Abin da ke rufa masa asiri shi ne Roseau da Valcourt ƙananan garuruwa ne, kowanne bai kai mutum 3,000 ba, don haka duk wanda ya taɓa shan mai a can yana iya cewa ya san wani a ciki. Idan watan Maris ya zo aka buɗe tamfal aka ga ba haka ba, ko gezau. Sai ya ce ai an ɗaga ne zuwa baɗi, saboda maganar ta fita.

Kusa da shi akwai Mai Bin Takarda. Wannan ya raina jita-jita, shi da hujja yake aiki. Ya san ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka yakan wallafa takardar neman haƙƙin mallaka wata 18 bayan an shigar da ita, don haka yana da tarin zane-zane cike da kibiyoyi da lambobi. Zai shimfiɗa ɗaya a kan murfin inji, ya ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙarfe mai lamba 214, ya yi bayanin minti arba'in a kan yadda shi ne zai sauya shokozoban baya. Abin da ba ya so a tuna masa shi ne kamfanoni suna rajistar dabaru barkatai da ba za su taɓa ƙerawa ba, wani lokaci don kawai su tare wa kishiya hanya. Ƙaninsa a sana'a shi ne mai hoto: an ɗauko wani babur daga nesa, an naɗe shi da leda mai zanen baƙi da fari don a rikita ido, shi kuwa ya faɗaɗa hoton har ya dagule, ya rantse ya hango bututun turbo. Sau da yawa inuwar reshe ce.

Sai Mai Sikeli, mutumin duwatsu. A tsaunukan Wyoming, Idaho ko British Columbia yake hawa, inda ƙanƙara ke kai wa mutum ƙirji, kuma duk wanda ya taɓa tono babur mai nauyin wajen kilo 200 daga cikin rami, a tudun da numfashi ke gagara, ba zai zarge shi ba. Tambayarsa game da sabon samfuri guda ce: kilo nawa aka rage? Launi bai dame shi ba, kujera ma in da hali a cire. Ranar da Ski-Doo ta fito da tsarin SHOT a samfurin 2018, wanda mutum zai ja igiya sau ɗaya da safe sannan ya wuni yana tayar da inji da maɓalli ba tare da batir ba, an rage kusan kilo 9, kuma Mai Sikeli ya yi murna kamar an yi masa haihuwa. Yana iya kashe ɗaruruwan daloli ya sayi salansa mai sauƙi don ya rage kilo biyu. Yakan ba da wannan labari ne a gaban faranti na biyu na nama da soyayyen dankali.

Abokin gabarsa shi ne Mai Ƙirga Dawaki. Shi filinsa daskararren tafki ne, miƙaƙƙe, ba kwana ba tudu, kuma burinsa a duniya ya riga maƙwabcinsa isa wancan bakin. Duk shekara hasashensa ɗaya ne, injin zai ƙara girma. Wani lokaci kuma sa'a takan bi ta kansa. Ski-Doo ta kawo inji mai cc 850 a samfurin 2017, Yamaha ta fito da Sidewinder mai cc 998 da turbo, wanda ake lissafa ƙarfinsa wajen doki 200. A watan Janairun 2020 Ski-Doo ta sa wa injin 850 ɗin turbo tun daga masana'anta, don ya riƙe doki 165 har tudun mita 2,400, domin inji yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, saboda iska tana sirancewa. An yi wa Mai Ƙirga Dawaki bayanin cewa wannan na mutanen dutse ne, a tafki ribarsa kaɗan ce. Ya ji, ya gyaɗa kai, ya tambaya ko nawa yake gudu.

Shekararsa ta daɗi ita ce wadda Arctic Cat ta nuna sabuwar gangar jiki mai suna Catalyst a Hay Days na 2022, da inji mai cc 600 kaɗai, ta ce babban yana tafe. An shekara cur ana caca da lambobi: wani ya ce 800, wani 850, mai zafin kai ya ce 900. Da Satumbar 2023 ta zagayo, lambar da ta fito 858 ce. Nan take kowa ya ce shi ya fi kusa.

Akwai kuma Ɗan A-Mutu, wanda aka haife shi cikin launi. Gidan Ski-Doo ruwan ɗorawa, gidan Arctic Cat kore, gidan Yamaha shuɗi, kuma abin ya bi hula, riga, har kofin shayi. Duba a wurinsa ba wuya: duk abin da kamfaninsa zai fitar juyin juya hali ne, duk abin da na maƙwabci zai fitar kwaikwayo ne. Lokacin da Ski-Doo ta kawo ƙirar REV a 2003, ta matsar da mahayi gaba ya zauna a tsakiyar babur, mutanen sauran launuka sun yi ta dariyar muninsa. Cikin 'yan shekaru nasu kamfanonin suka bi sahu, sai dariyar ta koma bayani mai tsawo a kan yadda nasu ya bambanta.

A cikin wannan dangi akwai maraya. Yamaha, wadda ta fara ƙera babur ɗin ƙanƙara a 1968, ta sanar a watan Yunin 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshe. Mai shuɗiyar riga bai daina zuwa majalisa ba. Shi yanzu hasashensa ba na sabon samfuri ba ne, na ranar dawowa ne. Hujjarsa kuwa tana hannun mai koriyar riga: Arctic Cat ta durƙushe a farkon shekarun 1980 ta tashi, kamfanin Textron ya saye ta a 2017, ya dakatar da ƙira bayan sanarwar ƙarshen 2024, sannan a watan Afrilun 2025 wasu masu zuba jari ƙarƙashin Brad Darling, tsohon jami'inta, suka karɓe ta.

Baba Mai Kewar Da yana zaune a kusurwa, kusa da murhu. Shi da tsohuwar zuma yake magani. Duk shekara yana sa ran za a dawo da inji mai silinda uku irin na Polaris XLT ko Thundercat na shekarun 1990, mai kabireta, wanda mutum zai kwance da sifana da sukundireba a bakin hanya. Yana son shuɗin hayaƙin nan na inji mai bugu biyu, irin wanda duk wanda ya taɓa bin bayan tsohuwar Vespa ya sani. An gaya masa dokokin hayaƙi na Amurka sun rufe wannan ƙofa, ya ce wannan maganar 'yan ofis ce. Allon taɓawa mai inci 10 da ake sa wa sababbi yana ba shi haushi. Ya ce talabijin a falo ake ajiye ta. Amma an lura hannun babur mai ɗumama tafi bai taɓa shiga jerin abubuwan da yake so a cire ba.

Kishiyarsa matashi ne, Mai Bushara da Lantarki. Kullum baɗi ce shekarar da fetur zai mutu. Yana da abin nunawa: kamfanin Taiga na Montreal ya ƙera na batir zalla, Ski-Doo ma ta fitar da Grand Touring Electric a samfurin 2024. Shiru yake tafiya, ba wari, ba canjin fulogi. Sai dai zangon na Ski-Doo ɗin kilomita 50 ne, da farko ma kamfanonin yawon buɗe ido kawai aka ba, alhali hanyoyin ƙanƙara na Quebec kaɗai sun kai kilomita 33,000, kuma sanyi ba abokin batir ba ne. Taiga kanta ta nemi kotu ta kare ta daga masu binta bashi a watan Yulin 2024. Idan aka jero masa waɗannan, sai ya yi murmushin tausayi ya ce a jira sabon batir.

Wanda ya fi kowa yawan magana kuwa shi ne Mu Gani a Ƙasa. Ya haddace tsawon kowane bel, inci 137, 154, 165, ya san farashin kowane samfuri, ya hau na gwaji a wurin dila uku. Ƙa'idarsa ita ce ba a sayen ƙirar shekarar farko, a bar wasu su gano cutarta. Shekara ta biyu idan ta zo, sai ya ji ƙishin-ƙishin sabuwa tana tafe, don haka sayen wannan asara ce. Yakan kafa hujja da sanarwar Polaris ta watan Agustan 2022, lokacin da ta ce a dakatar da hawan babura kusan 230,000 saboda tartsatsin lantarki a cikin tanki yana iya tayar da gobara. Ba ya ƙarasawa da cewa sanarwar ta haɗa da ƙirar da ta shekara bakwai a kasuwa. Har yanzu babur ɗin surukinsa yake ara.

Dila yana jin su duka. Shi ne kaɗai mai yiwuwa ya ga wani abu a taron dilolin kamfani, kuma shi ne kaɗai ba ya cewa uffan. Yana zuba musu kofi, yana tura musu takardar kafin alƙalami.

Can arewa akwai mutumin da wannan hira ba ta kai masa ba: makiyayin barewar ƙanƙara na ƙabilar Sami a Finland, wanda kakanninsa suka fara kiwo da babur tun shekarun 1960, da maharbin Inuit na Nunavut, da mazaunin ƙauyen Alaska da mota ba ta zuwa. Shi abin da yake tambaya, zai tashi a sanyin digiri 40 ƙasa da sifiri? Zai ja kaya? In ya lalace a daji, hannu zai gyara shi? Yamaha Bravo, ɗan ƙaramin babur mai silinda ɗaya, ya yi kusan shekara 30 ana ƙera shi ba wani sauyin kirki, kuma mutanen nan ne kasuwarsa.

Abu guda da duk malaman duban suka tsallake shi ne sama. A hunturun 2023 zuwa 2024 ƙanƙara ta ƙi sauka yadda aka saba a Minnesota da Wisconsin, hanyoyi da yawa ba a buɗe su ba ko na kwana ɗaya, sababbin babura, waɗanda manyansu ke haura dala 20,000, suka kwana a shagunan diloli da ledarsu. A kakar da ta biyo baya, BRP da Polaris duka sun rage yawan abin da suke ƙerawa.