Ƙarfe Huɗu Na Asuba

A makon nan ma wata mujallar kasuwanci ta sake zuba wa wani matashi mai kamfanin manhaja kirari, kuma tun a layin farko aka sanar da mu ƙarfe nawa yake tashi daga barci. Ƙarfe huɗu na asuba. To, madalla. Sai wanka da ruwan sanyi, sai wani koren ruwan ganye, sai zaman shiru wai yana tunani. Har labarin ya ƙare ba a faɗa mana abin da kamfanin yake sayarwa ba, balle mai saye.

Da tashin asuba ne ke kawo biliyan, da mai ƙosan bakin layinmu ta saye Microsoft tuntuni. Ƙarfe uku take tashi surfen wake, da ruwan sanyin nan dai, har cikin hunturu, kuma ribarta ana iya ƙirga ta a gwangwani kafin hantsi. Amma ba wanda ya taɓa zuwa da mai ɗaukar hoto ya ce: "Inna, naɗe hannu ki kalli nesa."

Elizabeth Holmes ma koren ruwan take sha. A 2014 Fortune ta sa ta a bango, Forbes ta ƙiyasta dukiyarta dala biliyan 4.5. An ba mu labarin baƙar rigarta mai dogon wuya irin ta Steve Jobs har muka haddace. Shin na'urar kamfaninta Theranos tana gwaji da ɗigon jini kamar yadda ake kurantawa? Wannan sai da John Carreyrou na Wall Street Journal ya tono a 2015. Shekarar da ta biyo baya Forbes ta mayar da dukiyar sifili. Yanzu baiwar Allah tana gidan yari, ɗaurin fiye da shekara 11.

Ba a daddara ba. A Agustan 2022 Fortune ta kawo Sam Bankman-Fried a bango tana tambaya ko shi ne sabon Warren Buffett, saboda Allah! Mun ji gajeren wandonsa, mun ji sumar da ba ta san mataji ba. Bayan wata uku kamfaninsa FTX ya rushe da kuɗin bayin Allah. Wannan kam ba abin dariya ba ne, akwai waɗanda hoton bangon nan ne ya sa suka zuba guminsu.

Af, ga batun gareji. Kowane mai kamfani a gareji ya fara, kai ka ce a Kalifoniya ba a ajiye mota a ciki. Steve Wozniak, abokin Jobs wajen kafa Apple, da kansa ya ce an zuzuta labarin garejin Apple, ba a can aka tsara kwamfutar ba. Wa ya saurare shi?

A 2023 Forbes ta fitar da jerin 'yan ƙasa da shekara 30 da ta yi nadamar yabo. Bankman-Fried yana ciki. Editocin da suka zaɓe shi ba sa ciki.