Wace Za Mu Saya? Hirar Gem A Majalisun Illela

Mu nan Illela, in ka ji gardama ta kaure a majalisa bayan Isha'i, ɗayan uku ne: farashin Sefa, ƙwallon Turai, ko maganar gem. Ta ukun ce ta fi zafi a 'yan kwanakin nan, domin samarinmu sun yi lissafinsu. PS2 ta kamfanin Sony ta fito a 2000, PS3 a 2006, PS4 a 2013, PS5 kuma a Nuwamba 2020. Tsakanin kowace da ƙanwarta shekara shida ne ko bakwai, don haka kowa ya sakankance cewa PS6 tana kan hanya. Ga Microsoft na shirin sabuwar Xbox, ga Nintendo ya fito da Switch 2 a Yunin 2025. Uwa uba, ga wasan GTA VI da kamfanin Rockstar ya ɗage fitowarsa zuwa Nuwamba 2026, wanda aka ce a PS5 da Xbox Series zai fara sauka. Shi ke nan, mai adashi ya rasa sukuni: ya saya yanzu, ko ya jira?

Abin da baƙo ba zai gane ba shi ne, mu ba mutum ɗaya ke sayen gem ba. Ko da kuɗin daga aljihu ɗaya suka fito, unguwa ce za ta buga. Ka shiga kowane shagon gem da la'asar ka gani: benci biyu, talabijin a kan tebur, labule ya tare hasken rana, yara biyu riƙe da pad, goma a bayansu suna ba da shawarar da ba a tambaye su ba. Wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya ci gaba da zama. Wani ya ɗauki Madrid, wani Barcelona, ɗan Ƙwanni da ya tsallako sayayya ya ce shi sai PSG. Saboda haka tambayarmu ta farko ba kyan hoto ba ne. Tambayarmu ita ce: hannu nawa za ta ɗauka, kuma kwana nawa za ta yi tana ɗauka?

Yaron da ke koyon ɗinki kusa da mu shi ne jagoran masu son sabuwa. Kullum wayarsa na hannu yana nuna wa mutane bidiyo. «Yaya, dubi zufa a goshin ɗan wasa! Wanga ai kamar ka shiga filin da kanka.» Mai shagon gem na bakin kasuwa, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, sai ya gyara zama ya ce: «Ƙanena, zufar tashi ba ta dame ni ba. Tawa nika tsoro, in anka ɗauke wuta.»

Gaskiyar dattijon ke nan. PS5 tana jan wuta kusan wat 200 in wasa ya yi nisa, ban da talabijin da fanka. Wutar NEPA kuwa kowa ya san halinta, kuma tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, tayar da janareta ya zama abin da ake yi da lissafi. Mai sola ma sai ya duba batirinsa kafin ya kunna. A nan Switch ke samun masu kare ta, domin da batirinta take tafe, a ɗauke wuta ko a kawo ba ruwanta. Amma allonta na mutum ɗaya ne ko biyu. Majalisar mutum goma ba ta taruwa a kan abin da bai wuce tafin hannu biyu ba, in kuwa an jona ta da talabijin an koma gidan jiya.

Sai zafi da ƙura. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasar Sakkwato kan haura digiri 40, da hunturu kuma ƙura ba ta barin ko cikin akwati. Duk wanda ya taɓa riƙe PS4 ya san kukan da fankarta ke yi in ta toshe. Na tsaya na ga mai gyaran waya ya buɗe wata: ƙura ta daskare a bakin fanka ta yi kauri, ya sa burushin haƙori yana kankarewa a hankali, ya goge tsohon man da ya bushe a kan ƙwaƙwalwarta ya shafa sabo, ya rufe, ta dawo shiru. Wannan hannu shi ne arzikinmu. PS2, PS3 da PS4 duk sun zama 'yan gida a wurin masu gyaranmu, kayansu kuma ba sa wuya a Sakkwato ko Kano. Wadda ba ta ma fito ba fa? In ta ƙi tashi, sai dai a lulluɓe ta a jira mai zuwa Legas.

Mu mutanen kasuwar dabbobi ne. Ranar Lahadi ba ka ganin dillali ya sayi sa don ƙahonsa ya yi kyau. Baki yake buɗewa ya duba haƙora, ya sa a taka da shi ya ga tafiyarsa. Haka muke yi wa na'ura. Da faifai take ko babu? Wannan tambaya ta fi kowace nauyi. Xbox Series S ba ta da wurin faifai sam. PS5 Pro da ta fito a Nuwamba 2024 a kan dala kusan 700, ita ma sai ka sayi wurin faifan daban. Ma'anarsa, wasa sai ka sauko da shi daga intanet, alhali wasu wasannin yanzu sun haura giga 100. Wa ke da wannan data? Kuma ko ka sauko da shi, naka ne kai kaɗai, yana kulle a asusunka. Faifai kuwa ana aro, ana musaya, ana sayar da shi in buƙata ta taso. Faifai ɗaya na ƙwallo yakan zaga gida biyar kafin sabon ya fito. Ni dai wannan ne ke damuna ƙwarai: in kamfanoni suka kashe faifai, ba roba kawai suka kashe ba, sun taɓa aro da zumuncin da ke tattare da shi.

Maganar kuɗi kuwa, mu a bakin iyaka sau biyu muke lissafi. Ɗan canji ya buga Naira, ya juya ya buga Sefa, sannan a san ta wane gefe ya fi sauƙi. Mun kuma ga yadda hanya ke rufewa dare ɗaya. An rufe iyaka a Agustan 2019, ba a buɗe ta Illela ba sai Disambar 2020, wata guda bayan fitowar PS5. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris 2024. A wannan tsakanin Naira ta zube har dala ɗaya ta wuce 1,500. Abin bai tsaya nan ba: a da, na'ura na tsufa kuɗinta na sauka, amma PS5 mai faifai da ta fara da dala 499 sai ga Sony ya ƙara mata dala 50 a Amurka a Agustan 2025. Wanda ke jiran PS6 ya sani ba da araha za ta iso ba.

To me muke yi mu? Muna bin bayan ayari da zango ɗaya, kuma ba kunya a ciki. Lokacin da duniya ke rububin PS4, mu PS3 da PS2 muke bugawa. Ba mu kaɗai ba ne: PS2 ta sayu fiye da miliyan 160, babu na'urar Sony da ta kamo ta. Da PS5 ta fito, masu hali a Turai da Dubai suka saki PS4 ɗinsu, ta gangaro mana a gwanjo. Fitowar sabuwa albishir ne gare mu, domin ita ke sauko mana da ta gabanta. Kuma wasan da muka fi so bai guje mu ba: FIFA ya sauya suna zuwa FC a 2023, PES ya koma eFootball tun 2021, duka biyun sun zo a PS4.

Shawarar da majalisarmu ta fi tsayawa a kai ke nan. Mai shago da ke neman abin cefane ya riƙe PS4, ya ƙara pad masu kyau, domin su ke fara mutuwa. Wanda ransa ke kan GTA VI ya ci gaba da adashi, ya nemi PS5 mai faifai, ya ware kuɗin sitabilaiza tun kafin ya biya. Kada a karɓi ta hannu sai an kunna ta a gabanka, an buga wasa cikakke, an ji fanka, an gwada kowane maɓalli. PS6 kuwa a bari ta fito, masu kuɗi su gwada mana ita, masu gyaranmu su koyi cikinta.

Sharaɗi ɗaya ne ba ma gardama a kansa, kuma iyayenmu mata ne suka kafa shi. Kowace iri aka saya, in an kira salla a kashe, lokacin boko da Islamiyya kada a ga yaro a benci. Mai shagon da ya kiyaye wannan, unguwa na tare da shi, kuma iyaye da kansu ke ba yaro kuɗin wasa ranar da ba makaranta.