Tafintar Hajiya

A Ingila ba sai an leƙa gidan maƙwabta an ce a sam mini ɗan kyanwa ba. Akwai gidajen da aka ware don dabbobin da masu su suka gaji da su, ko suka mutu suka bari, ko aka tsinta a bola. Wasunsu sun kwana biyu a duniya: na Battersea da ke Landan tun 1860 yake karɓar karnuka, a 1883 ya haɗa da kyanwoyi. Mai so sai ya cike takarda, a tambaye shi ko gidan nasa ne ko haya, ko akwai babban titi kusa, ko akwai ƙananan yara, sannan ya biya kuɗi. Kafin a miƙa masa kyanwar an yi mata rigakafi, an yi mata aikin hana haihuwa, an kuma sa mata 'yar mitsitsiyar na'ura a ƙarƙashin fatar wuya mai ɗauke da lambarta, abin da doka ta wajabta tun watan Yunin 2024. Auren wasu ma ba a yi masa wannan binciken ba.

To, wani likita ne ɗan Kano da ke aiki a Birmingham. Da sanyi ya shigo, ɓeraye suka tare a gidansa, tsohon gini ne na jan bulo, suka huda buhun shinkafa, suka mai da tarko abin wasa. A lokacin mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo a duba mata gwiwa. Ita ce ta ce, “Ku da kuke da boko, ba ku san mage ba?”

Hajiya fara ce sol, Likita ya biyo ta. Matarsa baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi. Lokacin auren Hajiya ba ta ce ba ta so ba, cewa ta yi da an ƙara dubawa. Allah ya ba su 'ya'ya biyu: namijin ya ɗauko uban, macen ta ɗauko uwar, kuma ita ce aka sa wa sunan Hajiya, shi ya sa ake kiranta Ummi. Shekararta takwas. Tun da Hajiya ta sauka take jan ta da wasa. “Kishiya, ke kam in an kashe fitila sai kin yi dariya a san inda kike.” Sai a yi dariya, tun da wasan kaka da jika ba a fushi da shi. Kwana kaɗan sai ga wata kwalba daga cikin akwati, ba takarda a jikinta, haɗin wata mata ce a unguwarsu. A riƙa shafa wa yarinya kaɗan-kaɗan, in ji Hajiya, ba bilicin ba ne, fito da kala ne kawai. Likita ya fi kowa sanin abin da irin wannan mai yake yi wa fatar yaro, amma uwa ce. Ya ce to, ya tura kwalbar bayan kabad, a ganinsa magana ta ƙare. Uwargida kuwa ta tarar da Ummi a banɗaki tana dirzar damtsenta da soso har wurin ya yi ja. Ta karɓe soson, ba ta ce komai ba. Me suruka za ta ce?

Ranar Asabar za a je zaɓen kyanwa, uwargida ta dage sai da Hajiya, wai ita ce ta san mage. Da yake Hajiya ba ta jin Turanci, uwargida ta ce ita za ta yi mata tafinta.

Cikin gidan dabbobin dogon lungu ne, ɗakuna ƙanana hagu da dama, kowanne da ƙofar gilashi, da kwandon kwanciya, da kati mai ɗauke da sunan kyanwar da shekarunta da ranar da aka kawo ta. Ta farko ja ce mai ratsi-ratsi, an manna mata alamar cewa wani ya riga ya kama. Ta biyu fara ce tas, ita ma an kama. Hajiya ta tsaya ta dogara sanda. “Masha Allah. Ka ga mage.” Suna ƙara shiga, launi yana ƙara duhu, har suka kai ƙurya inda sai an ƙura ido ake ganin akwai wani abu a kwando. Nan Ummi ta durƙusa. Wasu idanu biyu rawaya suka buɗe, wata baƙa wuluk ta miƙe ta yi miƙa, ta zo ta goga kumatunta a jikin gilashin daidai yatsun yarinyar. Katinta ya nuna tun watan Afrilu take wurin. Ana cikin Nuwamba.

“A'uzubillahi. Kishiya, taso daga nan. Ba a ajiye baƙar mage a gida, ba ka san da wa kake zaune ba.”

Wata dattijuwar Baturiya mai aikin sa kai ce take zagawa da su. Ta tambayi me Hajiya ta ce, aka gaya mata. Ta yi murmushin wadda ta saba. Ta ce yawancin masu zuwa ba sa cewa don launi ne. Sai su ce ba sa iya karanta fuskarta, ko ba ta fita a hoton waya. Ba ƙirƙira ta yi ba. A 2014 ƙungiyar RSPCA ta ce kashi 70 cikin 100 na kyanwoyin da ke hannunta baƙaƙe ne ko baƙi da fari, ta kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan son hoto.

“Me ta ce, 'yar nan?”

“Hajiya, ta ce ba mai fitowa fili ya ce don baƙa ce. Kowa da hanyar da yake bi. Wani ya fake da hoto, wani ya ce taimako yake yi, wani ya ce ai wasa ne.”

Baturiya ba ta ambaci wasa ba.

Likita ya ji inda iska ta dosa, ya zaro waya. Ya ce ai wannan magana an bincika, zuzutawa ce. Ƙungiyar ASPCA ta Amurka ta duba alƙaluman 2013, ta ga baƙaƙen karnuka da kyanwoyi su ne aka fi ɗauka. Abin da ya sa ake ganin su birjik shi ne su ne aka fi kawowa. Gaskiya ya faɗa, amma rabinta. A shekarar dai wani bincike a jihar Colorado ya ga baƙaƙen kyanwoyi suna ƙara kwanaki kafin a ɗauke su, kuma ƙungiyar Cats Protection ta Birtaniya ta ƙirƙiro ranar baƙar kyanwa, 27 ga Oktoba, a 2011, bayan ta lura nata baƙaƙen suna ƙara kimanin mako guda a kan sauran. Mako guda ba komai ba ne a takarda, ga wanda ba shi ne a cikin kwandon ba. Ni abin da ya fi ɗaukar mini hankali, duk wannan bayani Likita yana yin sa ne a tsaye gaban ɗakin farar, yana fatan wanda ya kama ya fasa.

A batun tsoro Hajiya tana da abokai da yawa. Tun 1233 Fafaroma Gregory na Tara ya rubuta wasiƙar da ta haɗa baƙar kyanwa da bautar Shaiɗan, kuma har yau wasu gidajen dabbobi a Amurka ba sa ba da baƙa a ƙarshen Oktoba, lokacin bikin Halloween, don gudun a cutar da ita. Amma Baturiyar ta ce a nan tsakiyar Ingila, a da, baƙar kyanwa ake ba amarya don ta shiga ɗaki da sa'a, matan masunta a Yorkshire kuma ita suke ajiyewa don mazansu su dawo daga teku lafiya. Ma'aikatar kuɗin ƙasar ma, da ɓeraye suka dame ta a 2016, baƙi ta ɗauko daga Battersea, aka sa masa Gladstone. Wannan kam uwargida ta fassara shi daidai, ba ƙari. Hajiya ta taɓe baki. “Kowa da camfinsa.”

Sai Baturiyar ta shiga faɗin dabarunsu: a ɗaura wa baƙaƙen jan ƙyalle a wuya, a shimfiɗa musu farin bargo, a matso da su kusa da taga kafin a ɗauki hoto. Fuskar Hajiya ta washe.

“To kin ji. Su ma suna ɗan gyara ta don ta shiga ido.”

Uwargida ta juya ta tambayi Baturiya ko suna shafa wa gashin wani abu don ya yi haske. Matar ta zaro ido, ta ce a'a, har abada.

“Hajiya, ta ce fitila suke gyarawa. Ta ce duk wanda ya shafa wa ƙaramar halitta abin da zai canza mata launi ya cuce ta, don fata tana ƙonewa a hankali, ita kuma ba ta da bakin da za ta ce ba ta so. Ta ce wanda ya gani ya yi shiru ma yana da nasa kason.”

Likita ya mayar da waya aljihu.

Ummi, wadda har lokacin tana durƙushe, ta tambayi Baturiya da Turanci ko kyanwar ta san abin da ya sa ake wuce ta. Matar ta yi dariya, ta ce kyanwa ba ruwanta, ta ci ta yi barci.

“Ta ce mage ba ta jin abin da ake faɗa a kanta, Hajiya. Sa'arta ke nan.”

Hajiya ta daɗe tana kallon gilashin, ko kuma abin da ke gabansa, ba a iya tantancewa. Can ta gyara mayafi ta ce a tambayar mata: tana kama ɓera? Aka ce a wani sito aka tsince ta, a can ta ci da kanta ta shayar da 'ya'yanta, kuma 'ya'yan tuni an ɗauke su.

“To a rubuta ta. Ɓera muka zo kashewa, ba lefe muka zo haɗawa ba. Amma kada ta taka mini ɗaki.”

Aka cike takarda, aka ce su dawo ranar Talata da kwando. A mota ba wanda ya yi magana har suka wuce shataletale biyu. Sannan Hajiya, tana kallon titi, ta ce, “Likita, matarka ta iya tafinta. Baturiya ta faɗi ɗaya, ita ta ba ni uku.”

Likita ya shiga gyara madubin da ba abin da ya same shi.

“Turanci ne, Hajiya,” in ji uwargida daga baya, “a dunƙule yake zuwa.”

“Uhm,” in ji Hajiya. “Allah ya ƙara ilimi.”